Ruwa daga Hannun 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata. A gidajen da suka riƙe al'ada irin namu, wannan yana nufin ba za ta kira sunana ba, ba za ta haɗa ido da ni ba, kuma ba za ta yi mini magana kai tsaye ba. Kunya ce, kowa ya san ba ƙiyayya ba ce, ni ma na sani. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Magarya. Can na tashi, can na shiga lekol, wato makarantar boko, kuma ita nake kira Inna. Mahaifiyata tana ƙauyenmu, wani ɗan gari a ƙasar Yekuwa. Idan na je bakans, lokacin hutun makaranta, sai in durƙusa a bakin ƙofa in gaishe ta, ita kuma ta amsa tana duban bango. Bayana ta haifi biyu, ba su rayu ba.

Ina kolej, ina da shekara goma sha huɗu, aka aiko cewa ta faɗi a wurin sussuka. Majo, ma'aikacin jinya na likitar Yekuwa, wato asibitin garin, ya ce tansiyo ce ta hau, hawan jini ke nan. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya ɗan karkace, amma magana tana fita. Ƙanwarta ta zo daga Najeriya ta yi jinyarta har aka gama kaka, sannan ta koma wurin mijinta da 'ya'yanta. Inna ta tsufa, ita ma kanta ana kula da ita ne. Babana kuwa dole ya tafi ci-rani Kano, saboda magani ba ya yankewa. Haka aka ciro ni daga kolej. Gidan ya rage mu uku: ni, da mahaifiyata, da wata jar akuya.

Aikin bai fi ƙarfina ba. In je rijiya, in yi daka, in dama kunu, in juya ta a kan gado kamar yadda majo ya nuna, in wanke zannuwa. Maƙwabta suna zuwa dubiya, in shimfiɗa musu tabarma in kawo ruwa. Suna fita suna cewa, "Allah ya yi miki albarka. Kin yi sa'a ma, ba ta da wahala, ko shimfiɗa ba ta ɓatawa." Ina jin daɗin wannan yabo.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai. Idan na miƙa mata moɗar ruwa, sai ta jiƙa leɓe kawai ta kau da kai. Kunu ma ludayi biyu ne ta ture. Na ga yadda take shan ruwa lokacin da ƙanwarta tana nan, har ta nemi ƙari. Saboda haka na yanke wa kaina hukunci cewa hannuna ne ba ta so. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa?

A lokacin akwai wata ƙungiyar mata a Yekuwa da ke haɗa yaran da ke jinya a gidajensu da manyan da suka taɓa yin jinya mai tsawo. Majo ne ya ba su labarina. Wata ranar kasuwar garinmu da hantsi amalanke ta tsaya a ƙofar gidanmu, wata mata doguwa mai kaurin murya ta sauko, tana gargaɗin mai amalanken kada ya kifar mata da bidunan man gyaɗa, jarkokin da za ta kai kasuwa. Haifaffiyar Dungas ce, aure ya kawo ta Yekuwa, kuma ta yi shekaru tana jinyar mijinta kafin ya rasu. Gwaggo na kira ta tun ranar, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Ta ce, "Salamu alaikum. An ce mini nan ne aka bar wa 'yar lekol gida da majinyaciya da akuya, aka ce ta yi yadda ta iya."

Na ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo," na ruga zan ɗebo ruwa.

"Dawo ki zauna. Ni ba dubiya na zo ba. Masu dubiya ruwanki suke shanyewa su bar ki da addu'a. Wurinki na zo. Me kika ci yau?"

Tun da na dawo ƙauye ba wanda ya yi mini wannan tambaya. Na ce na sha kunu. Ta ce, "Ragowar nata ko naki?" Ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙuli-ƙuli, ta tsare ni da ido sai da na cinye.

Daga nan ta shiga ɗaki. Ina jin su daga tsakar gida suna gaisawa, mahaifiyata tana amsawa da sakin fuska, har da tambayar farashin mai. Ban san tana da hira haka ba. Da na leƙa sai na ga Gwaggo ta kama fatar bayan hannunta ta ɗaga ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma da wuri ba. Ta sa ta buɗe baki ta duba harshe. Ta fito ta ja ni bayan rumbu.

"Sau nawa take fitsari a yini?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Sau ɗaya, da sassafe, idan maƙwabciyarmu ta shigo. Wani lokaci ma sai washegari."

"Kuma kuna murna."

"Kowa yana cewa ba ta da wahala."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ke ce ta fari?"

"Ni ce."

"Ai ho," in ji ta. Ta zauna a kan turmi. "Saurara, 'yar nan. Uwarki tana jin ƙishirwa kamar kowa. Lissafi take yi. Idan ta sha, zai fita. Idan zai fita, wa zai ɗaga mata zane? Ke. Gara ta bushe a kan gadon nan da 'yarta ta fari ta ga tsiraicinta. Yanzu da sauran sanyi ana lallaɓawa. Idan bazara ta shigo tana haka, ba shanyewar jiki ce za ta tafi da ita ba."

Na ce, "Na ɗauka hannuna ne ba ta so."

"Hannunki me ya yi? Ni ɗin nan da kike gani, ɗana na fari direba ne a Damagaram, gemunsa ya fara furfura, ban taɓa furta sunansa ba. Idan ina son magana da shi a waya sai in ce a kira mini wancan. Amma idan motarsa ta yi latti ba na iya cin abinci. Na san cikin uwarki kamar cikina."

Na tambaye ta ko za ta yi mata faɗa ta daina kunyar. Ta yi dariya. Ta ce abin da mutum ya yi shekara goma sha huɗu yana yi ba a cire masa shi a ranar kasuwa ɗaya, kuma ba a ƙwace wa mara lafiya ɗan mutuncin da ya rage masa. "Kunyarta za mu bar mata. Hanya za mu yi wa ruwa ya zagaya ta."

Mako na gaba ta dawo da kujera 'yar tsugunno wadda masassaƙi ya huda tsakiyarta, da tsohuwar tasa, da igiya. Ta ɗaura igiyar a azara daidai inda hannun dama na mahaifiyata zai kai. Ta koya mini yadda zan zagaya zane ta ƙarƙashin hammatarta in tsaya ta baya, ita ta ja igiya ni in ja zane, har ta sauko kan kujera. Sannan in juya in zauna, bayana ya tokare bayanta don kada ta faɗi, fuskata tana ƙofa, tata tana bango. Sauran aikin hannunta mai lafiya zai yi. Idan ta gama ta watsa toka a tasar, ni kuma in ɗauke ba tare da na ce komai ba. Gwaggo ta kwanta a tabarma ta mai da kanta majinyaciya, ta saki jikinta duka a kaina, muka yi ta gwadawa.

"Da ƙafa ake ɗagawa, ba da ƙugu ba! Kina so in sami majinyata biyu a gida ɗaya?"

Saura magana. Ko da kujera da igiya, dole ta sanar da ni lokacin da take bukata, ita kuwa ba za ta yi mini magana ba. Gwaggo ta lura da abin da ni na saba ji har na daina ji: mahaifiyata tana yi wa akuyar nan faɗa daga kan gado kullum, idan ta sa baki a ƙwarya ko ta tauna tabarma. Sai ta cire turken akuyar daga gindin darni ta kafa shi a bakin ƙofar ɗaki.

Ta ce mini, "Tambayi akuya."

"In tambaye ta me?"

"Ko akwai mai jin ƙishirwa a gidan nan."

Na ji kamar wasan yara. Na faɗa a hankali, kaina a sunkuye. Gwaggo ta ce, "Wa ya ji wannan? Ko akuyar ba ta ji ba. Ɗaga murya kamar mai sanarwa a rediyo. Ki faɗi abu ɗaya a fili, ki yi shiru, ki jira."

Na gyara murya na ce, "Ke ja, tambayi uwar ɗakinki, ruwan randa take so ko na tulu?"

Akuyar ta ci gaba da tuƙa. Can sai na ji wata 'yar dariya, karkatacciya kamar bakin da ta fito daga ciki, sannan muryar mahaifiyata: "Ki ce mata na tulu ya fi sanyi."

Rabin moɗa ta sha ranar. Gwaggo ba ta yi guɗa ba, ba ta yaba wa kowa ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce kasuwa tana ci ba ita.

Daga nan akuya ta zama ma'aikaciya. "Ja, a ce kunun ya yi kauri." "Ja, a tambaya ko a juya ta ɓangaren ƙofa." "Ja, a ce a kawo kujera." Ta hanyar akuyar nan na san cewa mahaifiyata ba ta son tsamiya da yawa a kunu, kuma kafaɗarta ta hagu da nake zaton ba ta jin komai tana yi mata zogi idan na ja ta da hannu. Bayanta da ke jingine da nawa ya fi yadda na zata ɗumi, kuma ƙasusuwansa sun fito.

Ba a tafi haka sumul ba. Wata rana na tarar da layi a rijiya na daɗe. Ta sha ruwa da safe, ta kira akuya ta kira, ba mai amsawa. Da na dawo shimfiɗa ta jiƙe, ta rufe fuskarta da mayafi. Na canza komai ban ce uffan ba, amma daga ranar ta koma jiƙa leɓe. Na tambayi akuya har na gaji, ba amsa. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe ta, ta fara kiran sunan ƙanwarta kamar tana ɗakin. Na roƙi maƙwabciya ta zauna da ita, na tari kabu-kabu zuwa Yekuwa. Ba ranar kasuwa ba ce. Na sami Gwaggo tana matsar tunkuza, hannuwanta duk mai.

Ban yi niyyar kuka ba. Na ce mata na gaji. Na ce 'yan ajinmu suna can suna karatu ni ina nan ina hira da akuya. Na ce matar da nake wa wannan duka ko sannu ba ta taɓa ce mini ba. Ina jira ta ce in yi istigfari, uwa ce.

Ta ce, "Ni akwai ranar da na bar mijina a kwance na je bayan gari na zagi bishiyar aduwa tas. Ba abin da ta yi mini. Ki gama kukanki, ki wanke fuska, mu je mu ɗauko majo."

Majo ya zo a kan moto, wato babur, ya duba ta, ya ba da magani, ya ce ciwon mafitsara ne kuma rashin shan ruwa ne ya kawo shi. Bayan ya tafi Gwaggo ta ce in fita. Na tsaya a bayan zana, ina jin su.

"Ƙanwata, ni ma uwar ɗan fari ce, ba sai kin yi mini bayani ba. An ce kada ki kira sunanta, ba ki kira ba. An ce kada ki dube ta, ba ki duba ba. A cikin abin da iyayenmu suka bar mana ina aka ce ki hana kanki ruwa? Yarinyar nan ta bar lekol ta zo. Idan kika mutu da ƙishirwa a hannunta, ga tulu cike a gefenki, ita ce za ta ɗauki wannan har ta tsufa. Wannan kike so ki bar mata?"

Can sai na ji ƙarar moɗa a bakin tulu.

Kafin ta tafi ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta gaya musu gajere ne: duk mai zuwa dubiya gidanmu ta zo da ruwa a kai, ko da rabin bido ne. Wasu sun ji haushi, wata ma ta ce ba a taɓa sa wa dubiya haraji ba. Amma sun riƙa kawowa, zuwana rijiya ya ragu. Ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado. Kuma ta sa doka cewa duk ranar kasuwa, bayan ta sayar da manta, ita za ta zauna da majinyaciya ni in fita. "Je ki duk inda kika ga dama. Ki je ki kalli masu sayar da takalma. Idan kika dawo kafin la'asar zan kore ki." A irin wannan fita ce na je Yekuwa na haɗu da wasu yara a inuwar bayan likita, kowanne da wanda ya bari a kwance a gida da matar ƙungiyar da ta karɓe shi na yini. Ba mu cika maganar jinya ba. Rake muke sha.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Tun hantsi ƙasa take ƙona ƙafa, ganyen maina ko motsi ba ya yi. Mahaifiyata tana shan ruwa, ba da yawa ba, amma tana sha, duk ta bakin akuya. Sai harawar da babana ya bari ta ƙare. Ba yadda zan yi, dole in saki akuyar ta bi garken gari da safe, sai yamma ta dawo. Daren da na yanke wannan shawara ban gaya wa kowa damuwata ba, amma na san abin da ke jirana: sa'o'in da zafi ya fi tsanani su ne sa'o'in da ba mai kai saƙo.

Ranar farko na zauna a bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗar da Gwaggo ta kawo mini aikinta. Turke yana gefena, igiyarsa a ƙasa. Rana ta take. Na yi tunanin in tambayi turken, sai na ga idan ba ta amsa ba na ɓata abin da muka gina. Na tuna abin da aka koya mini, na yi shiru na jira. Ina jin numfashinta. Ta yi gyaran murya. Ta sake yi.

"Ke."

Hannuna ya tsaya a cikin ƙwarya. Ban juya ba.

"Ruwa," in ji ta. "Na tulu."

Na tashi na ɗebo, na tallafo kanta ta baya, idona a kan moɗa. Ta shanye duka, ta miƙo mini da hannun dama, na ƙaro. Ta sha rabi ta koma ta kwanta, fuskarta a bango. Na ajiye moɗar na koma bakin ƙofa na ɗauki gyaɗata. Can sai na ji ta, muryarta ta nufi turken da ba komai a jikinsa.

"A ce mata sannu."

Ta fita bazarar nan da ranta. Da ruwan farko babana ya dawo, ƙanwarta ma ta sake zuwa, aka tsara yadda za a riƙa karɓa-karɓa. Gwaggo ce ta zaunar da babana ta ce masa idan aka buɗe lekol zan koma Magarya, kuma ba shawara take nema ba. Na maimaita aji, na ci gaba. Mahaifiyata ta rayu shekaru bayan haka, tana jan ƙafa da sanda har tsakar gida. Ba ta taɓa faɗin sunana ba har ta koma ga Allah. Yau aikin rediyo nake yi, kuma abin da nake gaya wa sababbin masu karanta sanarwa shi ne abin da aka gaya mini a bakin ƙofar nan. Idan na sami hutu ina bin matan ƙungiyar zuwa gidaje, in fara da tambayar yaron ko yarinyar abin da suka ci.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan yinin da mahaifiyata ta nemi ruwa a wurina da bakinta, tun Gwaggo ba ta sauko daga amalanke ba na tare ta da labari. Ta saurara har ƙarshe, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin suyar ƙuli ne ya lalata mata idanu.

"To kada ki saba," in ji ta. "Da yamma idan ja ta dawo za ta koma bakin aikinta. Ki ajiye mata ɓawon gyaɗar nan, ta ci albashinta."

Haka kuwa aka yi. Da akuya ta shigo da yamma, mahaifiyata ta ce a tambayi inda ta yini, sannan a ce a kawo kujera.